Wa Ke Wanke Cikin Bututun Ruwan Gidanku? (Rubutun shirinmu na wannan makon)

Kamar kullum, ga rubutun shirin ga waɗanda datarsu ba za ta kai su saurari murya ba, ko kuma suka fi son karatu. Ku tura wa na kusa da ku.

Yau maganar ruwa za mu yi. Tambayar da za mu warware tana kama da tambayar yara, amma in ka tsaya ka yi tunani sai ka ga babba ce. Randa in ta kwana uku ba a wanke ba, ka sa hannu ciki za ka ji santsi. Jarkokin 'yan garuwa, ka leƙa cikin tsohuwa ɗaya, za ka ga gansakuka ta yi kore shar. To amma bututun da ke kawo ruwa gida fa? Wani ya shekara 20 a binne cikin ƙasa ko cikin bango, ba wanda ya taɓa sa masa soso da sabulu, kuma ka buɗe famfo ruwa ya fito garai-garai. Wa ke wanke shi?

Bari in fara da abin da zai ɗan ɓata wa wasu rai. Cikin bututu ba shi da irin tsaftar da muke zato. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan mai gyaran famfo lokacin da ya yanke tsohon bututu ya san haka. In na ƙarfe ne za ka ga tsatsa ta yi tudu-tudu a ciki, har hanyar ruwan ta tsuke. In na roba ne, ka zura yatsa ka shafa, za ka ji wani ɗan yauƙi siriri. Wannan yauƙin taron ƙwayoyin halitta ne da ido ba ya gani, sun manne a jikin bututun sun yi wa kansu rufi. Akwai shi a bututun Kano, akwai shi a na Landan. Mafi yawansu ba sa cutar da mai lafiya. Abin da ake yi shi ne a danne su, a hana su yawa, a kuma hana miyagun cikinsu shigowa daga waje. Abubuwa biyar ne ke wannan aikin, kuma ina so ku riƙe su, domin in mun zo maganar unguwanninmu da su za mu yi awo.

Na farko, ruwan da kansa. Kafin ruwan gwamnati ya shiga bututu, sai ya bi ta matata, irin su Challawa da Tamburawa a Kano, ko Goudel a Yamai. A can ana zuba masa alimun, wanda wasu ke ce wa alif, irin dai wanda iyayenmu ke jefawa a ruwan rafi. Shi ke sa laka da ƙananan datti su dunƙule su kwanta a ƙasa. Daga nan a tace ruwan ta cikin yashi. Ƙwayar cuta ita ma mai rai ce, sai ta ci take hayayyafa. Ruwan da aka raba shi da laka da ruɓaɓɓen ganye, abincin da ya rage a cikinsa kaɗan ne. Randa kuwa kullum ana kai mata abinci: ƙura ta faɗa, moɗa ta shiga da dattin hannu, yaro ya sha ya mayar da saura.

Na biyu, kulorin. Shi ne wannan ɗan warin da kake ji a ruwan famfo, wanda wasu ke cewa ruwan yana warin magani. Wallahi wannan warin abokinka ne. Dabarar da ke cikinsa ita ce, ba a zuba iya wanda zai kashe ƙwayoyin cuta a matata kawai. Ana sa shi ya ɗan yi saura, yadda zai raka ruwan tun daga matata har bakin famfonka, duk abin da ya tarar a hanya ya gama da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da ma'auni: bayan an zuba, a samu aƙalla miligiram 0.5 a kowace lita bayan minti 30, sannan a wurin da mutum zai ɗebi ruwan kada ya gaza miligiram 0.2 a lita. Ɗan mitsitsin abu ne fa. Amma tun da birnin Jersey City na Amurka ya fara zuba shi a ruwan gari kullum a 1908, sauran birane suka bi sahu, zazzaɓin taifot da ke kashe mutane a biranen ƙasar ya yi ta ja da baya har ya zama abin labari. Sai dai kulorin yana da rauni guda: yana gushewa. Zafi na cinye shi, datti na cinye shi, tsatsa na cinye shi, zama wuri ɗaya ma na cinye shi. Ku riƙe wannan.

Na uku, duhu. Gansakuka tsiro ce, ba ta rayuwa sai da hasken rana. Cikin bututun da ke binne babu haske ko kaɗan. Shi ya sa tiyo mai garai-garai da ake gani ta cikinsa yake yin kore in an bar shi a rana, baƙin tiyo kuwa ba ya yi. Kuma ƙarƙashin ƙasa ya fi sarari sanyi, sanyi kuwa yana rage wa ƙwayoyin cuta saurin hayayyafa.

Na huɗu, gudu. Duk lokacin da aka buɗe famfo, tsohon ruwa ya fita, sabo mai sabon kulorin ya maye gurbinsa, kuma ƙarfin gudun yana kankare wani abu daga yauƙin nan kafin ya yi kauri. Gidan da ake amfani da famfo safe da yamma, bututunsa na samun ɗauraya sau da yawa a rana ba tare da kowa ya lura ba. Ku kwatanta rafi mai gudu da kududdufi, kun ga bambancin.

Na biyar, kuma a wurina shi ne babba: matsi. Wato ƙarfin da ruwan ke tura jikin bututu da shi daga ciki. Ku saurara da kyau a nan. Babu wani gari a duniya da bututunsa ba ya yoyo. Akwai tsaga, akwai mahaɗar da ta saki, akwai wurin da tsatsa ta huda. To me ya hana dattin ƙasa shiga ta nan? Matsi ne. Muddin bututu cike yake da ruwa mai ƙarfi, in akwai huda, ruwa ne zai fito waje. Abin da ke waje ba shi da hanyar shiga, domin ana tunkuɗo shi. In ka ga bututu ya fashe a titi yana feshi sama, asara ce ƙwarai, amma a wannan lokacin datti ba ya shiga. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A harkar bututu kuwa, ko bangon ya tsage, in akwai matsi ƙadangaren ba zai shiga ba. Ranar da matsi ya faɗi, ranar ce ƙofa ke buɗewa.

Kafin mu dawo gida, bari in ɗan taɓa abin da ake ƙera bututun da shi, don shi ma yana da nasa tasirin. Jan ƙarfe yana kashe ƙwayoyin cuta da yawa da suka zauna a jikinsa, kuma kawunan famfo masu nauyi galibi da haɗinsa ake yin su. Bututun roba, irin wanda ya cika gidajenmu yanzu, ba ya tsatsa kuma cikinsa sumul yake, datti ba ya samun wurin kamawa sosai. Tsohon bututun ƙarfe shi ne mai tsatsa, shi ke ba ka jan ruwa da safe. Akwai kuma farin ɓawon nan da kuke gani a cikin butar dafa ruwa, mai kama da alli. Ma'adinan cikin ruwa ne ke taruwa. A cikin bututu, siririn ɓawo irin wannan yakan zama kamar shafe, ya raba ruwan da ƙarfen.

Kada ku raina wannan shafen. Mutanen garin Flint a jihar Michigan ta Amurka sun ga abin da rashinsa ke jawowa. A watan Afrilun 2014, don a rage kashe kuɗi, hukumomi suka daina sayen ruwa daga Detroit suka koma ɗiba daga kogin Flint. Ruwan kogin ya fi cin ƙarfe, kuma ba a zuba masa sinadarin fosfet da ke kare cikin bututu ba. Shafen da ya yi shekaru yana rufe tsofaffin bututun dalma ya narke, dalma ta shiga ruwan sha. Tsatsar da ta tashi kuma ta cinye kulorin. Mutane suka yi ta ɗaga kwalaben jan ruwa a taruka ana ce musu lafiya lau ne, sai da wata likitar yara, Mona Hanna-Attisha, ta fito da sakamakon gwajin jinin yara a 2015 ta nuna dalma ta ƙaru a jikinsu. A watan Oktoba na shekarar aka mayar da garin kan ruwan Detroit. Mu nan ba sai an yi mana bayanin dalma ba. A 2010 ta kashe yara sama da 400 a Zamfara, duk da cewa waccan daga haƙar zinare ta fito. Abin lura a labarin Flint shi ne, bututun nan dai su ne na jiya. Kulawar ce aka janye, sai abin da ke tsare mutane ya koma yana cutar da su.

Yauwa. Yanzu mu ɗauki abubuwa biyar ɗin nan mu auna unguwanninmu da su.

A yawancin garuruwanmu, wanda ma yake da ruwan gwamnati ba kullum yake samu ba. A kawo yau, a ɗauke kwana uku, wani wurin mako, wani wurin an manta rabon da a gani. Mu abin da ke damun mu shi ne wahalar nema. Amma ku duba abin da ke faruwa a cikin ƙasa. Da an ɗauke ruwa, matsi ya tafi. Ruwan da ya rage a bututu yana gangarawa wuraren da ke kwari, yana barin iska a bayansa, har bututun ya riƙa zuƙa kamar yadda ake zuƙar lemo da tsinke. Kun taɓa buɗe famfo bayan an ɗauke ruwa kuka ji yana shaƙar iska yana ƙara? To yadda yake shaƙa ta bakin famfo, haka yake shaƙa ta kowace tsaga da ke jikinsa.

Sai mu tambayi kanmu, ina bututun namu suke bi? Ku fita lungunku ku duba. Za ku ga siraran bututun roba, biyar, goma, sun bi ta cikin kwata, wasu an ɗaure mahaɗarsu da robar tayar keke ko leda. Mai gida ya ga haƙa rami zai ci kuɗi, kwata kuwa hanya ce a buɗe. Ranar da akwai ruwa, bututun na yoyo cikin kwata. Ranar da babu, kwata ce ke yoyo cikin bututu. Da an dawo da ruwa, wannan abin ne ke fara isowa bokitinka. Ga kuma masu haɗa injin jan ruwa kai tsaye a kan bututun gwamnati don su riga maƙwabta cika tanki. Injin nan yana ƙwace wa na gaba ruwa, sannan yana ƙara ƙarfin zuƙar da ke janyo datti, har cikin ruwan da shi mai injin zai sha.

Wannan ba maganar ƙyanƙyami ba ce kawai. Kwalara da taifot ta bayan gidan mai cutar suke fita, ta baki suke shiga. A 2021, alƙaluman hukumar NCDC sun nuna mutum sama da dubu 100 ne ake zargin sun kamu da kwalara a Najeriya, sama da 3,600 suka rasu, kuma jihohin Arewa irin su Bauchi, Jigawa, Kano da Zamfara ne suka fi jin jiki. Hanyoyin yaɗuwarta suna da yawa, amma duk suna komawa wuri guda: inda ruwan sha ya haɗu da bayan gida. Tun 1854 wani likita a Landan, John Snow, ya bi gida-gida yana ƙirga mamatan kwalara, ya gano yawancinsu daga famfon rijiya guda suke sha a titin Broad. Ya sa hukuma ta cire hannun famfon. Daga baya aka gano rijiyar ba ta kai mita ɗaya ba tsakaninta da wani tsohon ramin masai. Mutanen unguwar kuwa suna son ruwan famfon nan, har daga nesa ake aikowa a ɗiba saboda daɗinsa. Don haka ruwa ya yi haske, ba wari, ba ɗanɗano, wannan bai isa shaida ba. An ce ruwa ba ya tsami banza, gaskiya ne. Amma wani ruwan ko tsamin ba zai yi ba zai kwantar da gida guda.

Na san wani zai ce, mu ai bohol gare mu, ba ruwanmu da ruwan gwamnati. To ɗan uwa, zo mu auna naka. Ruwan rijiyar burtsatse mai zurfi sau da yawa yana fitowa da tsafta, domin ƙasa ta tace shi. Amma babu kulorin a cikinsa ko ɗigo. Duk abin da ya shiga bayan ya fito, babu mai tare shi. Daga nan ina yake zuwa? Tanki a saman gini. Ruwa ya zauna, gudu ya tafi. Rana ta dake shi, a watan Afrilu da zafi ke wuce digiri 40 a Sakkwato ko Maiduguri, sanyi ya tafi. In murfin ya fashe ko iska ta yar da shi, duhu ya tafi, ga ƙura, ga kashin tsuntsu, ga ƙadangare na gaske wannan karon. Cikin masu gadi biyar, sai ka ga saura ɗaya ko biyu. Kuma in an haƙa rijiyar kusa da sokawe, tun daga tushe an samu matsala. Abin da ake so shi ne tazarar mita 30, amma a filin da ake yanka wa mutane yanzu, sokawen maƙwabcinka na iya zama a bayan katangar bohol ɗinka.

Akwai ma wata ƙwayar cuta da ke son ruwa mai ɗumi da ya zauna, wajen digiri 25 zuwa 45. Sunanta Legionella. An gano ta ne bayan wani taron tsofaffin sojoji a wani otal a Filadalfiya a 1976, inda kimanin mutum 30 suka mutu da ciwon huhu. Ita ba ta hanyar sha take kama mutum ba, ta hanyar shaƙar feshin ruwa ne, kamar na shaya. A rikicin Flint ma ta kashe aƙalla mutum 12. Shi ya sa masu hita ake ce musu ruwan cikinta ya kai digiri 60.

To me za mu yi? Bari in fara da cikin gida, abubuwan da ba sa buƙatar izinin kowa.

In an dawo da ruwa bayan an ɗauke, kada ruwan farko ya shiga randa. A bar shi ya zuba na 'yan mintuna har ya washe, a tara wancan don wanke tsakar gida ko ban ruwan shuka. Haka in kun yi tafiya kun bar gida a rufe, ko ɗakin baƙi da ba a buɗe famfonsa sai da salla.

Tanki a wanke shi aƙalla sau biyu a shekara, a tabbatar murfinsa na rufuwa ruf. Ku hau ku leƙa naku a wannan satin, ku zo ku ba mu labarin abin da kuka gani a ƙasansa.

Bakin famfo wuri ne da ke saurin ɗaukar datti, domin nan ne iska da haske da hannu ke taɓawa. An wanke nama an taɓa, an fito bayan gida an taɓa, yaro ya kafa baki ya sha. A riƙa wanke shi da sabulu. In yana da 'yar rariya a baki, a kwance ta a jiƙa a ruwan khal ko lemun tsami, farin ɓawon zai narke. Tsumman nan ko ledar da ake ɗaura wa bakin famfo don rage fantsama, a cire, gidan ƙwayoyin cuta ne.

Kada a bar bakin tiyo a nutse cikin baho ko bokitin wanki alhali yana haɗe da famfo. In aka ɗauke ruwa a wannan lokacin, ruwan wankin na iya komawa cikin bututu.

Ruwan sha kuwa, in ba ka da tabbas a kansa, ka tafasa shi ya yi minti ɗaya yana tafarfasa, ko ka sa ƙwayar kulorin irin su Aquatabs bisa ƙa'idar da ke jikin takardar, ka jira minti 30. Musamman da damina, musamman in akwai jariri ko tsoho a gidan. Amma a sani, tafasawa ƙwayoyin cuta take kashewa, ba ta cire dalma.

Sai abin da ya fi ƙarfin gida ɗaya, kuma nan ne nake kiran matasa. Muna da ƙungiyoyin unguwa, muna fita yashe kwata kafin damina. A wannan fitar, mu ƙirga bututu nawa ne ke kwance cikin kwata a layinmu. Mu zauna da masu gidajen da mai unguwa, a yi karo-karo a ɗaga su sama ko a canja musu hanya. Aikin yini ɗaya ne da mai gyaran famfo ɗaya. Inda babban bututu ya fashe, a ɗauki hoto, a rubuta takarda zuwa ofishin hukumar ruwa da sa hannun mutanen layi, a ajiye kwafi, a koma bayan mako biyu. Akwai kuma ɗan abin gwajin kulorin, irin wanda masu kula da wurin ninkaya ke amfani da shi: ka jefa ƙwaya a ruwan, in ya yi ruwan hoda akwai kulorin, in bai canja ba babu. Ƙungiya ɗaya za ta iya mallakar guda, ta riƙa gwada famfunan unguwa tana rubutawa. Ranar da za ku je gaban hukuma, da takarda za ku je, ba da surutu ba.

Sannan mu gyara irin tambayar da muke yi wa masu neman ƙuri'a. Sun saba su ce za su kawo ruwa, mu yi tafi. A tambaye su: awa nawa a rana? Domin kun ji dai yanzu, ruwan da ke zuwa yana ɗaukewa, ko an tace shi da kyau a matata, yana iya gurɓacewa a hanya. Unguwa nawa za a sauya wa tsofaffin bututu? Wa ke gwada ruwan a ƙarshen layi, kuma a ina talaka zai ga sakamakon? Wanda ya zo da bohol na kamfen, a gode masa, sannan a tambaye shi wa zai riƙa wanke tankin bayan zaɓe.

Nan za mu tsaya yau. Ku faɗa mana a ƙasa: a unguwarku kwana nawa ake yi kafin a kawo ruwa, kuma yaushe rabon da a wanke tankin gidanku? Ku rubuta sunan gari da unguwa kawai, za mu karanto wasu a shiri na gaba. Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya. Sai mun sake haɗuwa, wassalamu alaikum.